Shekarar da Aka Rataye Ganguna

Saura kwana biyu Babbar Sallah ina tsakar gida a nan Kalgo ina wankin kayan yara, rana ta take har ƙasa ba ta takuwa, rediyon maƙwabciyata Hajiya Ige yana ta magana ta bayan katanga. Shiri ne aka yi na tuna manyan makaɗa da mawaƙan da suka rasu a bakin Sallah. Ban san suna da yawa haka ba. Mai shirin yana ta jero su: wani makaɗin fada da aka yi wa sutura ran jajibiri, wata mai kiɗan ƙwarya da ta cika ana gobe layya, wani mai kukuma da mota ta kife da shi yana dawowa daga wasan Sallah. Kowanne sai a saki muryarsa kaɗan, a yi masa addu'a, a wuce na gaba.

Hajiya Ige ta ɗaga murya. "Maman Sadiku, kina ji? Makaɗa dai ba su mutuwa sai an tara jama'a. Ko mutuwar tasu sai da 'yan kallo."

Ina cikin dariya aka saki gangar noma. Hannuna ya tsaya cikin kumfa. Labbo na Dalijan ne, ko a cikin barci aka tashe ni na san bugun nan. Ya ja waƙa, muryoyi uku suka amsa masa, kuma siririyar da ke can sama, wadda take ɗan makara kafin ta sauka, ta babana ce. Mai shirin ya faɗi sunan Labbo, ya ce ya rasu saura kwana uku Ƙaramar Sallah. Bai faɗi sunan masu amshi ba. Ba a faɗi dama.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, muna Masama, ina aji biyar. Ni ce babba, ƙannena uku, na ƙarshen yana goye. Babana, Garba, shi ne babban yaron Labbo: yana amshi, yana riƙe da ganga ta biyu. Duk ƙasar Gwandu in an ce gayya, wato ranar da samari za su taru su nome gonar mutum guda, to Labbo ake nema. Kowane saurayi yana da takensa. In ya sunkuya a kan kunya aka buga masa, sai ka ga ƙasa tana tashi a bayansa, na kusa da shi kuma ba zai yarda a wuce shi ba. Gonar da mutum zai yi wata yana fama da ita, kafin azahar an gama.

To amma makaɗa su ma suna da gonaki, kuma lokacin da ya kamata su nome nasu suna can suna yi wa wasu kiɗa. Saboda haka al'adar ita ce gonar makaɗi ce ta ƙarshe. In an zagaye kowa, sai samari su zo su yi wa makaɗa tasu, a yi kiɗa, a sha fura, a tashi. Haka ake yi tun kafin a haife ni, ba mu taɓa rasa hatsi ba.

Shekarar nan azumi ya faɗo tsakiyar damina. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, gero ya fito kore shar. Baba ya bi Labbo, yau Dalijan, gobe wani ƙauye, sai ya kwana uku ba mu gan shi ba, ya dawo murya a dishe. Suna gab da gama zagaye aka ga wata. Ba a kiɗa da azumi. Aka ajiye ganguna, gonarmu ba a taɓa ta ba. Sarkin Noma na garinmu ya ce kada Baba ya damu, kashegarin Sallah gayya tana gonarmu.

Azumin damina ba ƙishi ne wahalarsa ba, yunwa ce. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai zo ba. Rumbunmu in ka leƙa sai warin ɓera. Da sahur kunun tsaki muke sha, mai ruwa-ruwa, wanda kana gama sha fitsari ya kama ka. Da shan ruwa Inna, mahaifiyata, takan dafa tafasa ko rama ta kwaɗa da ɗan ƙuli, mu zagaye akushi guda. Ga shi akwai wata tukunya a ƙuryar ɗakinta cike da gero, ta liƙe bakin da laka. Na furar gayya ne. Ba a kiran samari a bar su da baki bushe. Ƙanina yakan je ya jingina da tukunyar yana kuka, Inna ta janye shi.

Baba kullum da safe yakan ɗauki kalme, wato fartanyar noma, ya tafi gona shi kaɗai. Hannun makaɗi ne, bai saba ba. Kafin hantsi ya yi zafi tafinsa ya yi ƙulu-ƙulu da ruwa, ga azumi, sai ya dawo ya kwanta a zaure. Abin da ya nome a mako guda bai fi filin tsakar gidanmu biyu ba, ruwa kuwa kwana ɗaya-ɗaya yake tsallakewa, ciyawa tana tashi kamar ana jan ta.

Ran sha biyar ga azumi Gwaggo Yalwa, yayar Baba, ta zo daga Kalgo. Tana sayar da shinkafa da wake a bakin tasha, ba ta da ɗa a gabanta. Ta biyo ta gefen gonarmu kafin ta shigo. Ina bayan ɗaki ina wanke-wanke na ji su.

"Garba, waccan gona ta ko makiyaya? Na ga haki ya fi hatsin tsawo."

"Bari dai a yi Sallah, Yaya. Rana guda ta ishe ta."

"Allah shi sa. In ko hatsin ga bai yi ba, ka ba ni babbar in tafi da ita. Baki guda ya rage maka, ni ko na samu mai kama man aiki."

Na saurara in ji Baba ya ce a'a. Sai na ji ya ce, "In bai yi ba."

Daga ranar nan gonar ta zama tawa. In na taso makaranta sai na bi ta can in tsaya ina duban geron, ina auna shi da ƙugu na. Ban taɓa kwana a wani gari ba. Ban san kowa a Kalgo ba sai Gwaggo, ita kuwa ko dariya take yi tsoronta nake ji.

Ran ashirin ga wata aka ce Labbo ba ya jin daɗi, zazzaɓi. Ran ashirin da bakwai da hantsi wani mai babur ya tsaya a ƙofar gidanmu bai kashe injin ba, ya ce ina Garba. Aka nuna masa gona. An ce Baba ko kalmen bai ɗauko ba, nan ya bar shi tsakiyar kunya.

An yi ruwa ranar kamar da bakin ƙwarya. Sai da aka riƙa kwashe ruwa daga kabarin kafin a sa Labbo. Baba ya dawo bayan la'asar, rigarsa ja da laka har wuya. Ya shiga zaure ya ɗauko gangarsa, ya sassauta igiyoyinta ɗaya bayan ɗaya har fatar ta saki, ya hau turmi ya rataye ta can saman azara, fuskarta tana duban bango.

Inna tana tsaye bakin ƙofa da goyo. "Har yaushe?"

"Sai an yi arba'in."

Haka makaɗan wajenmu suke yi. In maigida ya rasu, yaransa ba sa taɓa fata sai an yi sadakar arba'in. Ni dai na tsaya ina lissafi da yatsu. Kwana ashirin da bakwai sun wuce ba kiɗa, ga arba'in a gaba.

Ran Sallah ba mu yi sabon ɗinki ba, Inna ta wanke na bara. Daga masallacin Idi mutane suka zarce gidanmu yi wa Baba ta'aziyya kamar ubansa ne ya rasu. Duk gidan da ka wuce rediyo yana sakin Labbo, tun safe har yamma, ganga tana ta zuba daga cikin akwati, ta gaske kuwa tana rataye a kan masu gaisuwa. Da Sarkin Noma ya zo, Inna ta aike ni in tambaye shi ko gayyar gobe tana nan. Ya shafa gemu ya ce in Allah ya so.

Inna ta fasa lakar tukunya. Muka yi surfe, muka yi daka ni da ita da wata maƙwabciya har kafaɗuna suka mutu. Ƙamshin geron nan da yaji da citta ya cika gida, ƙannena suna zagaye turmi suna lasar abin da ya faɗo. Da safe ta karɓo nono wurin matan Fulani, aka dama ƙwarya huɗu manya, muka ɗauka a kai zuwa gona.

Mutum uku muka tarar: Sarkin Noma da wasu dattawa biyu. Samarin suna can gindin durumi a bakin gari cikin kayan Sallah. An aika, suka ce ba su ji ganga ba.

Sarkin Noma ya ja Baba gefe, amma ina jin su. "Garba, yaran ga ba ni suka bi ba, takensu suka bi. Taɓa ta ko sau ukku, su dai ji. Ba wanda zai ce ka yi laifi."

"Ƙasar kabarinai ko bushewa ba ta yi ba."

"Na sani. Amma dubi hatsinka."

Baba bai duba ba.

Dabara ta zo wa Inna. Ta ce in ruga gidan mai shayi in aro rediyonsa mai kaset. Na kawo, aka ɗora a kan kututture, aka ƙure murya. Samari biyar ko shida suka taso don su ga abin da ake yi. Suka tsaya hannu cikin aljihu. Kaset ɗin tsoho ne, Labbo yana ta kiran manoman da, yana zuga su. Ɗaya daga cikin dattawan ya dafa ƙugu ya ce, "Allah sarki Labbo, kira kakai Ɗan'ali shi wuce gaba, Ɗan'ali ko ya riga ka kwantawa da shekara shidda." Aka yi dariya, har Baba sai da bakinsa ya motsa. Wani saurayi ya ce shi ba zai karya bayansa a kan taken wani ba, akwati ba ya ganin wanda ke gaba. Suka sha fura ludayi bibbiyu don kada a ce sun raina, suka koma.

Dattawan sun yi abin da za su iya zuwa azahar. Sauran furar muka mayar gida. Kwana uku muna shan ta, tana ƙara tsami, ta ƙarshen har kumfa take yi, cikin ƙanwata ya ɓaci.

Inna ba mai yawan magana ba ce, amma ranar da furar ta ƙare ta sami Baba a zaure da rana tsaka.

"Na tai wurin matar Liman. Ta tambayo man shi. Ya ce zaman makoki kwana ukku na, arba'in ɗin ganga ba ta cikin littafi."

"Na sani."

"To?"

"Ba Allah yah hana ni ba. Ni nih hana kaina."

"Labbo ya bar ma ɗiyanai rumbu ukku cike. Kai mi za ka bar ma naka? Arba'in?"

Baba ya tashi zaune. "Shekara ashirin da biyu ina bayanai. Ke kanki shi yat tai nema man aurenki. In na sauko da gangar ga yau, duk ƙasar Gwandu za a ce dama Garba jira shikai maigida shi mutu."

"A ce mana. Magana na cika rumbu?"

"Ba ki san sha'anin ba."

"Awo, ban sani ba. Na dai san yarinyar can za a ɗauka."

Ba ta faɗi sunana ba. Ni 'yar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kunya ce. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai "ke" ko "waccan". Wannan ne karo na farko da na ji ta tsaya wa maganata, shi ma ba ta san ina bayan zana ba.

Baba ya ce, "Allah na nan." Ya koma ya kwanta, fuska ga bango.

Muka shiga gonar da kanmu. Na daina zuwa makaranta. Inna da goyo a baya, ni, da Baba, tun rana ba ta fito ba. Raɓa takan jiƙa mu har ƙirji, sanyi ya kama haƙora, can rana ta buɗe ƙasa ta riƙa huci kamar tukunyar dambu. Harƙiya ce ta fi yawa. In ka sare ta ka bar ta nan, aka yi ruwa, gobe ka tarar ta sake kama ƙasa ta miƙe. Sai mun kwashe ta a ƙwarya mun kai bakin gona. Ƙarangiya ta cika mana zane. Tafin Baba ya fashe, ya naɗe da tsumma, tsumman ya manne da naman. Ba zan ce bai yi aiki ba. Ya yi har yana tangaɗi. Abu guda ne dai ba zai yi ba.

Muna nome gabas, yamma tana rufewa. Geron da ke cikin ciyawa ya yi rawaya, ya tsaya siriri kamar tsintsiya. Na maƙwabtanmu ya fi mutum tsawo, baƙi-ƙirin don kore, iska tana kaɗa shi yana wani sauti kamar ruwa. Samari kowa ya shiga maimai a gonar gidansu, daga nan suka gangara fadama aikin shinkafa. A gida kuwa tafasa ce safe da yamma, ƙulin ma ya ƙare, sai gishiri. Jaririn Inna yakan kama nono ya ja, ya saki, ya yi kuka, ya sake kamawa.

Ni kam ina ƙirga kwanaki. A hankalina na yarinya, ran arba'in komai zai gyaru.

Aka yi sadaka a Dalijan. Kashegari da sassafe Baba ya hau turmi ya sauko da ganga. Gizo-gizo ya yi saƙa a jikinta, fatar ta yi sanyi da damshi. Ya ɗaure igiyoyin, ya kanga ta a bakin murhu har ta ɗauki zafi, ya rataya ya nufi gona muna biye. Ya tsaya a kan kututturen nan ya buga.

Sun zo. Wallahi sun zo, sun fi ashirin, wasu da gudu, kalme a kafaɗa. An daɗe ba a ji ba, har mata suka fito bakin gari. Baba ya buga taken wannan, ya buga na wancan, suka jeru a bakin kunya. Aka zo wurin da waƙa za ta shiga. Ya buɗe baki, ya tsaya. Ya sake zagayo da kiɗan, ya sake buɗe baki. Jira yake a ja ya amsa. Shekara ashirin da biyu bai taɓa fara waƙa ba.

Ba wanda ya yi dariya. Sarkin Noma ya shiga cikin gonar, ciyawa har ƙirjinsa. Geron ya riga ya fitar da kai, 'yan ƙanana kamar yatsa. Ya karyo ɗaya ya murtsuke a tafinsa, ya hura. Ya buɗe hannun ya nuna wa Baba, ba abin da ya saura sai ƙwaya biyar ko shida.

"Garba, ko mun nome ta yau, wa za mu nome ma?"

Baba ya ci gaba da bugawa kaɗan, sannan ya bari. Samarin suka yi ta tafiya da ɗaiɗai, kowa yana cewa Allah ya jiƙan Labbo.

Dami tara muka ɗaure, a gonar da take ba mu fiye da arba'in. Gwaggo Yalwa ta zo bayan an gama yanka. Ba ta ko tayar da maganar ba, rumbu kawai ta leƙa, ta ce in haɗa kayana. Kayan nawa zane biyu ne da hijabin makaranta da littafin rubutu guda. Baba ya fita tun safe, an ce ya tafi Gwandu. Na shiga ɗakin Inna in yi mata sallama, na tarar ta ba ƙofa baya tana tsince wake, waken da na san an riga an tsince shi jiya. Na ce, "Inna, za mu tafi." Ta ce, "To." Na tsaya. Ba ta juyo ba. Har na kai zaure na ji ta ce wa ƙanwata, "Ce ma waccan ta mance takalminta."

Muka bi ta Birnin Kebbi muka iso Kalgo da la'asar. Kashegari na fara wanke kwanoni a tasha. Ban sake shiga aji ba. A gidan Gwaggo aka yi mini aure, Masama sai dai in je da Sallah in kwana biyu kamar baƙuwa. Baba yana nan da ransa, yana sayar da goro a tire. Gangar tana zaure, ɓeraye sun cinye fatar. Gayya ma ta mutu, yanzu maganin feshi ake saya, wanda ba shi da hali ya sunkuya shi kaɗai. Na taɓa tambayarsa ko yana da-na-sani. Ya ce da ya san hatsin ba zai jira ba, da ya fara noma tun kafin azumi. Maganar ganga bai taɓa ta ba.

Bana har Sallah ta zo ba mu yi shuka ba. Hadari yakan haɗu da yamma ta gabas, iska ta taso ta watsa shi. Abin da ya rage mana a buhu na san iyakarsa, ina dubawa kullum kamar zai ƙaru. Maigidana ya ce in daina, ina sa masa ciwon kai.

Kashegarin Sallah yayarsa ta zo daga Wurogauri kawo mana nama. Tana zaune a kan tabarma, babbar 'yata, yayar Sadiku, mai shekara shida, ta kawo mata ruwa a kofi da hannu biyu, ba ta zubar ba. Ta bi ta da kallo har ta koma wurin wasanta.

"Wagga ai ta isa aike," in ji ta. "Bari mu ga yadda daminar taku za ta yi."

Maigidana ya ce, "Allah shi kawo ruwa dai, Yaya."

Na ɗauke kofin. Uwa ba ta magana a kan 'yar fari.

Da maigidana ya fita rakiyarta gidan ya rage daga ni sai yara. Yarinyar tana tsugune gindin katanga tana dafa ƙasa a gwangwani. Na leƙa zaure na ga ba kowa, na dawo. Na ce, "Hauwa'u." Muryata ta fito wata iri. Na sake cewa, "Hauwa'u."

Ta ɗago kai ta dubi ƙofar gida, ta dubi katangar Hajiya Ige, tana neman mai kiranta. Da ba ta ga kowa ba ta koma kan gwangwaninta.